Tambayoyi da amsoshi kan haɗa kundayen jagora da juna a tsarin EAD

An shirya waɗannan amsoshi domin ma'aikatan ɗakunan adana takardu, da malaman tarihi da ɗalibansu, da masu kula da littattafan iyaye da kakanni a Kebbi da Zamfara, waɗanda suka fara rubuta bayanin takardunsu a kwamfuta kuma suke son wannan bayani ya riƙa kai mai bincike daga wani kundi zuwa wani ba tare da ya ɓata a hanya ba.

Mene ne kundin jagora, kuma ta ina EAD ta shigo?

Kundin jagora shi ne rubutun da ma'aikacin taska ke yi domin ya bayyana abin da ke cikin wani rukunin takardu: wane ne ya samar da su, a wane zamani, akwati nawa ne, kuma yaya aka jera su tun daga babban rukuni zuwa jeri, daga jeri zuwa fayil, daga fayil zuwa takarda guda. Wannan tsari na saukowa daga sama zuwa ƙasa shi ne ƙa'idar ISAD(G), wadda Majalisar Adana Tarihi ta Duniya ta fitar a 1994 sannan ta sabunta a 2000.

EAD kuwa, wato Encoded Archival Description, hanya ce ta saka alamomi a jikin wannan rubutu cikin harshen XML, yadda kwamfuta za ta gane cewa wannan layi suna ne, wancan kwanan wata ne, wancan kuma lambar akwati. Aikin ya faro a 1993 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ƙarƙashin jagorancin Daniel Pitti. Fitowa ta farko ta zo a 1998, ta biyu a 2002, ta uku da ake kira EAD3 a 2015, kuma ƙungiyar ma'aikatan adana tarihi ta Amurka ce ke kula da ƙa'idar tare da Laburaren Majalisar Dokokin ƙasar.

Me ya sa maganar mahaɗa, wato rubutun da ake dannawa ya kai mai karatu wani wuri, ta fi damun mu a wannan yanki?

Saboda takardunmu a warwatse suke, kuma tarihin mulki ne ya warwatsa su. A zamanin Turawa Gwandu da Argungu da ƙasashen Zamfara duk suna ƙarƙashin Lardin Sakkwato, don haka fayilolin Razdan da suka shafe su suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna a cikin rukunin da ake kira SOKPROF. Rahotannin da aka aika Ingila suna ma'adanar Birtaniya da ke Kew, inda rukunin CO 446 ya ƙunshi wasiƙun Arewacin Nijeriya. Daga nan aka yi Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka yi Jihar Sakkwato a 1976, aka cire Kebbi a 1991, aka cire Zamfara a 1996. Wasu rubuce-rubucen suna Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, wasu suna Gidan Arewa a Kaduna, wasu kuma suna nan a fadoji da zaurukan malamai, a naɗe cikin gafaka.

Mai binciken da ya zo neman labarin wata gunduma ba zai same shi a ɗaki ɗaya ba. Ma'aikacin da ke Birnin Kebbi ba shi da ikon dawo da fayil daga Kaduna, amma yana da ikon ya rubuta a kundinsa cewa sauran maganar tana can, a lamba kaza, kuma ya saka mahaɗar da za ta kai mutum wurin. A ganina wannan yana cikin mafi girman alherin da kundin jagora zai yi wa ɗalibin da ba shi da kuɗin motar zuwa Kaduna sau biyu.

Mene ne bambanci tsakanin mahaɗar ciki da mahaɗar waje?

Mahaɗar ciki tana kai mai karatu daga wani wuri zuwa wani a cikin kundi ɗaya. Ana ba wurin da za a je suna ta siffar `id` (siffa ita ce ƙarin bayanin da ake rubutawa a jikin alama), sannan a kira wannan suna ta siffar `target`. A ce a kundin takardun wata En'e akwai jerin littattafan kotun alƙali, ga kuma wani fayil a jerin haraji da ya ambaci shari'ar gona. Sai a rubuta jerin kotun haka: `<c id="kotu-01" level="series">`, a fayil ɗin harajin kuma a rubuta `<ref target="kotu-01">duba littattafan kotun alƙali</ref>`.

Mahaɗar waje tana fita daga kundin zuwa wani kundi, ko hoto, ko shafi a intanet, kuma tana amfani da siffar `href` wadda ke ɗauke da adireshi.

Bambancin da ya fi muhimmanci yana wajen tantancewa. Idan aka gwada kundi da manhajar da ke auna shi da ƙa'idar EAD, za ta tsaya ta yi ƙorafi muddin `target` ya kira sunan da babu shi, ko kuma an ba wurare biyu `id` iri ɗaya. Amma ba ta bin `href` ta ga ko akwai abu a ƙarshensa. Kundi zai iya cin jarrabawar tantancewa sarai alhali duk mahaɗansa na waje a mace suke. Haka kuma `target` ba ya tsallake iyakar kundinsa. Wanda ya yi ƙoƙarin kiran `id` na wani kundi da shi, kuskure kawai zai gani.

Akwai kuma `ptr`, wadda ƙanwar `ref` ce. Ita ba ta ɗauke da rubutu a cikinta, nuni kawai take yi, sai manhajar da ke nuna kundin ta yanke abin da mai karatu zai gani. Na fi son `ref` a kusan kowane hali, domin rubutun da ke cikinta yana nan ko da an buga kundin a takarda.

Akwai ƙa'ida wajen zaɓar `id`?

Akwai ta XML, akwai kuma ta hankali. XML ta ce dole sunan ya zama shi kaɗai a kundin, kada ya fara da lamba, kada kuma a bar fili a tsakiyarsa. Saboda haka lambar fayil irin ta ofis, mai farawa da alƙaluma da sanduna a tsakani, ba za ta zauna a matsayin `id` ba. Wurinta shi ne alamar `unitid`, inda za a rubuta ta daidai da yadda take a bangon fayil ɗin.

Ta hankali kuwa ita ce kada sunan ya dogara da abin da zai iya canzawa. Idan aka sa wa fayil suna bisa lambar akwatinsa ko kantar da yake kai, ranar da gara ta ci kwali aka sauya masa mazauni sunan ya zama ƙarya, idan kuma aka gyara sunan to duk wanda ya yi nuni zuwa gare shi daga waje ya rasa hanya. A ba shi suna sau ɗaya, a bar shi. A kuma bincika manhajar da ake aiki da ita, domin wasu suna ƙirƙirar sabon `id` duk lokacin da aka fitar da kundi, kuma wannan shi kaɗai ya isa ya kashe aikin shekara.

Yaya zan kai mutum kan fayil guda a cikin kundin wani, maimakon farkon kundin?

Hanyar da aka saba ita ce a rubuta adireshin kundin, a biyo da alamar `#`, sannan `id` na wurin, kamar `href="neja-gwandu.xml#kotu-01"`. EAD tana da siffar `xpointer` domin wannan aiki, amma manhajoji kaɗan ne suka taɓa kula ta.

Abin da ake yawan mantawa shi ne mai bincike ba ya karanta XML kai tsaye. Ana juya kundin zuwa shafin HTML ko PDF, galibi ta hanyar XSLT, harshen da ake juya XML da shi zuwa wani tsari, kuma sai wannan juyi ya ɗauki `id` ya mayar da shi wurin sauka a shafin kafin mahaɗar ta yi aiki. Don haka kafin ka yi nuni cikin kundin wata ma'adana, ka buɗe shafin da take nuna wa jama'a, ka ga adireshin da ta ba wannan fayil a can, ka yi amfani da shi. Idan akwai halin yin magana da ma'aikatan wurin, a tambaye su ko adireshin mai ɗorewa ne.

Na ga `extref` a wani kundi, amma manhajata ta ƙi karɓarta. Me ya faru?

Fitowar ta bambanta. A EAD ta 2002 an ware `extref` da `extptr` domin mahaɗan waje, `ref` da `ptr` kuma domin na ciki, ga wasu alamomi masu yawa irin su `linkgrp` da `daogrp` da `daoloc` da `arc` waɗanda aka gina bisa ƙa'idar XLink ta 2001 domin haɗa abubuwa da yawa a lokaci guda. A skimar da aka fitar wa wannan fitowa a 2007, wato fayil ɗin dokokin da ake auna kundi da shi, siffofin mahaɗa suna ɗauke da `xlink:` a farkonsu, sai a ga `xlink:href`. EAD3 ta zubar da XLink, ta cire `extref` da `extptr`, ta bar `ref` da `ptr` suna yin aikin biyu. Wasu siffofin ma an sauya musu suna: `role` ta zama `linkrole`, `title` ta zama `linktitle`.

Kada a gauraya. A duba kan kundin: idan an ga `eadheader` da `eadid` to na 2002 ne, idan an ga `control` da `recordid` to EAD3 ne. Tsohuwar fitowar ba ta mutu ba, domin a cikin manhajojin rubuta kundin jagora, AtoM tana fitar da kundaye da ita, ArchivesSpace kuma tana iya fitarwa da duka biyun.

A wane sashe na kundin ake ajiye mahaɗa zuwa takardun da ke wani wuri?

Ya danganta da irin dangantakar, kuma a nan ne ake gane ma'aikacin da ya san takardunsa. `separatedmaterial` ta takardun da asalinsu ɗaya ne da naka amma aka raba su, kamar fayilolin ofis guda da wani sashe ya tafi sabuwar jiha wani ya tsaya a tsohuwar, ko laburaren malami da aka raba wa magada bayan rasuwarsa. `relatedmaterial` ta takardun da wani daban ya samar amma suna magana kan abu guda, kamar rahoton D.O. game da Argungu a gefen takardun fadar kanta. `originalsloc` tana faɗin inda asali yake idan kwafi ne a hannunka, `altformavail` tana faɗin inda kwafi yake idan asalin ne a hannunka, `otherfindaid` kuma ta wani kundin jagora ne na takardun nan dai, ko da tsohon rajista ne da aka rubuta da hannu.

A cikin waɗannan sassa ana amfani da `archref` idan takardun taska ake ambata, `bibref` idan littafi ne da aka buga. Mai tarihi yana gina hujja daban idan aka ce masa takardu biyu daga hannu ɗaya suka fito, don haka saka abu a `separatedmaterial` ba tare da tabbacin asalinsa ba yaudara ce, ko da ba a yi nufinta ba.

Mun ɗauki hotunan wasu littattafan ajami da na Larabci. Yaya za mu haɗa su da bayaninsu?

Alamar wannan aiki ita ce `dao`. A EAD3 tana zama a cikin `did` na abin da aka ɗauka, wato sashen da ke ɗauke da sunansa da kwanan watansa da lambarsa, kuma dole a cika siffar `daotype`: `derived` idan hoton takarda ne, `borndigital` idan abin a kwamfuta aka haife shi, kamar muryar dattijo da aka naɗa da waya. Siffar `coverage` tana faɗin ko duka aka ɗauka ko wani sashe. Idan hotunan biyu ne ko fiye, ana tara su a `daoset`.

Ga abin da ya kamata a kula da shi a littattafanmu. Yawancinsu warƙoƙi ne sakakku a cikin bangon fata, ba a ɗinke ba, babu lambar shafi, sai kalmar da marubuci ya ajiye a ƙasan warƙa domin ta nuna farkon ta gaba. Sau da yawa gafaka ɗaya tana ɗauke da littafi uku ko huɗu, wataƙila kwafin wani aiki na Abdullahi ɗan Fodiyo, da waƙar wa'azi ta Hausa, da wasiƙa guda da aka cusa a tsakani. Idan aka saka mahaɗa ɗaya tak a saman gafakar zuwa babban fayil mai ɗaruruwan hotuna, mai neman wasiƙar zai sauke duka a kan layin intanet mai rauni kafin ya gano ta, in ma ya gano. Gara a bayyana kowane aiki a matakinsa, a ba shi `dao` nasa. Kuma mahaɗar ta nufi shafin da ke nuna littafin da bayaninsa, kada ta nufi babban hoton ajiya mai nauyi, wanda shi wurinsa ma'adana ne.

Mahaɗan da muka saka bara sun daina aiki. Yaya ake hana wannan?

Wannan ita ce babbar tambaya, kuma duk sauran suna komawa gare ta. Adireshin intanet yana faɗin inda abu yake a yau, bai faɗi ko mene ne abin ba. Kamar kwatancen gida ne da aka jingina da bishiyar ƙofar gida: ranar da aka sare ta, gidan yana nan amma baƙo ba zai same shi ba. Adireshi yana mutuwa idan ba a biya kuɗin sunan shafi ba, ko aka sauya manhaja, ko aka haɗe ma'aikatu aka canza suna, ko wanda ya ajiye hotunan a asusunsa na kansa ya bar aiki.

Maganin farko bai buƙatar ko sisi. Kada mahaɗa ta tsaya ita kaɗai. A rubuta cikakken kwatance da kalmomi a cikin `ref`: sunan ma'adana, garin da take, sunan rukuni, lambar fayil, da shekarun da ya ƙunsa. Wanda ya rubuta "danna nan" bai bar wa mai bincike komai ba ranar da adireshin ya mutu, amma wanda ya rubuta sunan ma'adanar Kaduna da SOKPROF da lambar fayil ya bar abin da za a iya kwafa a takarda a miƙa wa ma'aikacin ɗakin karatu bayan shekara talatin. Lambar da ke bangon fayil ta riga intanet zuwa, kuma ban ga dalilin da zai sa a jefar da ita saboda an sami adireshi ba.

Magani na biyu shi ne lambar shaida mai ɗorewa. Akwai tsare-tsare irin su ARK, wanda ya fito daga Laburaren Dijital na Kalifoniya a 2001, da Handle, da DOI, da PURL. Dukkansu dabara ɗaya ce: ana ba abu lamba da ba ta canzawa, ana riƙe da tebur guda da ke cewa wannan lamba a yau tana adireshi kaza, idan an ƙaura sai a gyara teburin kawai maimakon a bi kundaye ɗaya bayan ɗaya. Sai dai lambar ba ta ɗorewa da kanta. Dole a sami ofishin da ya ɗauki alhakin gyara teburin, a rubuce, yadda aikin ba zai tafi da mutum ɗaya idan ya yi ritaya ba.

Na uku, ga kundayen da ke gida ɗaya, a rage maimaita dogon adireshi. EAD3 tana da siffar `base` da ake rubuta tushen adireshi sau ɗaya a sama, sauran mahaɗan su ɗauki guntun da ya rage. A tsohuwar fitowar ana yin irin wannan da `entityref`, inda ake jera adireshi a kan kundin a riƙa kiransu da suna. Bayan duk wannan, a sa rana a kalandar ofis ta bin mahaɗai da manhajar da ke gwada su, a gyara waɗanda suka mutu.

Za mu iya saka ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil da adireshi?

A rubutun kundin kansa, a saka su duk inda suka dace, haka ma ajami, domin XML da UTF-8, wato tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi, suna ɗaukarsu lafiya, kuma bai kamata a rubuta sunan Ƙaura Namoda ko Ɗakingari a gurguje ba. A sunan fayil da `id` da adireshi kuwa shawarata a tsaya kan haruffan boko marasa lanƙwasa, da alƙaluma, da karan ɗori. A adireshi ƙ tana juyewa ta zama `%C6%99`, ɗ ta zama `%C9%97`, fili ya zama `%20`, kuma ba kowace manhaja ce ke yin wannan juyi daidai ba. Wani tarkon kuma shi ne alamar `&`, wadda take yawan fitowa a adireshin sakamakon bincike: a cikin XML dole a rubuta ta `&amp;`, in ba haka ba kundin gaba ɗaya zai ƙi buɗewa.

Mene ne amfanin `show` da `actuate`?

Ta farko tana ba da shawarar yadda abin zai bayyana, ko a sabuwar taga, ko a madadin shafin, ko a cikinsa. Ta biyu tana faɗin ko ya buɗe da kansa ko sai an danna. Shawara ce kawai ga manhajar nuni. Ga masu karatu da wayar hannu da data ƙididdigagga, a zaɓi `onrequest` a ta biyun, wato sai an danna.

Sunan mutum ɗaya yana fitowa a kundaye da yawa da rubutu daban-daban. Mahaɗa za ta taimaka?

Za ta taimaka ƙwarai. Malami guda yana iya bayyana da sunansa na Larabci a littafi, da laƙabinsa a bakin jama'a, da sarautarsa a fayil ɗin Turawa cikin gurɓataccen rubutu, ga kuma sarautu irin su Sarkin Kabi ko Sarkin Zamfara da mutane da yawa suka riƙe. Hanyar ita ce a buɗe masa takardar shaida guda a tsarin EAC-CPF, wanda aka gina bisa ƙa'idar ISAAR(CPF) domin bayanin mutane da iyalai da hukumomi, a tara duk sunayensa da zamaninsa a can. Daga nan kowane kundi ya yi nuni zuwa wannan takarda, ta siffar `identifier` a kan `persname`, alamar sunan mutum, ko ta alamar `relation` da EAD3 ta kawo. Haka ake yi wa hukumomi ma, kamar En'e da ta rikiɗe ta zama ƙaramar hukuma bayan gyaran 1976.

Idan akwai takardar da ba a son kowa ya gani, `audience="internal"` ta isa ta ɓoye mahaɗarta?

Ba ta isa ba. Wannan siffa tana gaya wa manhajar nuni ne kada ta nuna sashen, amma rubutun yana nan a cikin fayil ɗin XML, kuma duk wanda ya sauke fayil ɗin zai karanta adireshin ya bi shi. Littattafan kotu na gado da aure da rikicin gona suna ɗauke da sunayen mutanen da 'ya'yansu da jikokinsu ke raye a Jega da Anka da Talata Mafara, kuma iyalin da suka yarda a ɗauki hoton littattafan kakansu wataƙila ba su yarda a baza su ga duniya ba. A cire irin waɗannan sassa daga kwafin da za a fitar wa jama'a, a kulle hotunan a kan na'urar da ke riƙe da su yadda sai mai izini zai buɗe, sannan a rubuta sharaɗin a `accessrestrict` domin mai bincike ya san takardar tana nan da kuma wanda zai nemi izini a wurinsa.